Hoya: 'Yar Uwar Tumfafiya da Ta Samu Gurbi a Falo

A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta tsare jama'ar duniya a gida, an sa wata shuka ta cikin tukunya a gwanjo a shafin cinikayya na Trade Me da ke ƙasar Niyu Zilan. Ba ta 'ya'yan da za a ci, ba ta da inuwar da ko kaza za ta fake. Ganyenta a murɗe yake, ya cukurkuɗe a jikin kara, kore da ratsin fari. Masu tayi suka yi ta ƙari a kan ƙari, har aka sallama ta a kan dalar ƙasar 6,500.

Sunanta Hoya. Masu lambu a Turai da Amurka suna ce mata shukar kaki, saboda ganyenta mai kauri da sheƙi, da furenta wanda in mutum bai taɓa ba sai ya rantse da kakin zuma aka ƙera shi. Kafin wannan haukan farashi kuwa, Hoya shukar tsofaffi ce. Ta yi kusan ƙarni biyu a tagogin gidajen Turawa, kuma sau da yawa ba sayenta ake yi ba: wata ta yanko reshe ta miƙa wa maƙwabciyarta, ko uwa ta rasu ta bar wa 'yarta tukunya. Akwai gidajen da shuka ɗaya ta ga jikoki. A Suwidin, inda rana ke ƙaranci watanni a jere, son ta ya kai har masu kiwonta suka kafa ƙungiya mai fitar da mujalla.

Tsadar ba ta ɗore ba, don abin da ake yankan reshensa a dasa ba ya iya riƙe farashi. Amma ta bar ɗimbin sababbin masu kiwo, kuma tsofaffin hannu sukan gaya musu magana ɗaya: Hoya ta fi mutuwa a hannun mai yawan hidima fiye da a hannun mai mantuwa. Ruwa kullum, babbar tukunya, baƙar ƙasa mai taki, da almakashi na gyaran fuska, su ne ajalinta.

Dangin da ke bayan gari

Bahaushe bai san Hoya a daji ba, don ba ta fitowa a Afirka. Gidanta ya faro daga Indiya da kudancin Sin, ya bi ta Tailan, Malesiya, Indonesiya da Filifin, ya dangana da Niyu Gini, arewacin Ostireliya da tsibiran tekun Fasifik. Nau'o'inta sun haura 500, kuma har yanzu masana irin su Michele Rodda na Lambun Tsirrai na Singafo suna ta gano sababbi a dazuzzukan Borniyo da Niyu Gini.

Danginta kuwa Bahaushe ya san su sarai. Tumfafiyar da ke cika kufai da bakin hanya 'yar ɗaki ɗaya ce da ita. Haka yaɗiyar da ake tsinkowa a dafa a yi kwaɗo, da fatakkar da majema ke tuge gashin fata da ita. Wanda ya taɓa tsinko furen tumfafiya ya ƙura masa ido, ya riga ya ga fasalin furen Hoya: kunnuwa biyar a baje, da ɗan kambi mai tsini biyar zaune a tsakiya. In aka karya kara, yawancin nau'o'in farin nono suke fitarwa mai danƙo, ko da yake Hoya carnosa, wadda ta fi kowace yawa a gidaje, ruwanta garau yake. Idan kuma kwanson iri ya bushe ya tsage, kowace ƙwaya da 'yar audugarta da iska za ta ɗauka ta yi gaba da ita.

Mutum ɗaya ne ma ya raɗa wa Hoya da tumfafiya da yaɗiya sunayen da masana ke amfani da su. Robert Brown, masanin tsirrai ɗan Sikotilan, ya bi jirgin ruwan Matthew Flinders a zagayen gaɓar Ostireliya da aka fara a 1801. A 1810 ya wallafa nazarinsa a kan wannan zuri'a, inda ya sa wa jinsin tumfafiya Calotropis, na yaɗiya Leptadenia. Jinsin shukar kaki kuma ya sa masa sunan Thomas Hoy, shugaban masu lambu a Syon House, gidan basaraken Northumberland da ke yammacin Landan.

Inda suka rabu shi ne mazauni. Tumfafiya ta kafa doguwar saiwa a busasshiyar ƙasa. Hoya ta hau bishiya.

Rayuwa a kan reshe

A dajin Borniyo ko na Filifin, yawancin Hoya ba su da wata hulɗa da ƙasa. Iska ce ke kai ƙwayar iri ta maƙale a tsagar ɓawo ko a mahaɗar rassa, inda ruɓaɓɓen ganye da gansakuka suka ɗan taru. Nan za ta tsiro, ta riƙa naɗe reshe tana fitar da ƙananan saiwoyi a jikin kara suna manne wa ɓawo. Kada a ɗauke ta kauci. Kauci huda itace yake yi ya sha ruwan jikinsa, har ya kassara shi. Hoya wurin zama kawai take nema, abincinta kuma daga ruwan sama da guntayen abin da ya ruɓe a kusa da ita.

Ruwan sama a can ba wasa ba ne, sai dai a kan reshe ba ya zama. Ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya jiƙa saiwa sharkaf, ya tsiyaye, iska ta biyo baya ta busar. Saiwar Hoya da wannan ta saba: jiƙewa sosai, sannan shan iska. Abin da ya rage na ƙishi, ganyen nan mai kauri ne ke ɗauke da shi. Hoya carnosa ma har da wata dabara irin ta abarba: ƙananan ƙofofin numfashin da ke jikin ganyenta da dare suke buɗewa su ɗebi iskar kabon, da rana su rufe don kada ruwa ya tsere. Idan fari ya tsananta tana iya kulle su dare da rana, ta yi ta juya abin da ke cikinta har ruwa ya dawo.

Wasu nau'o'in sun wuce nan. Hoya imbricata ta Filifin da tsibirin Sulawesi takan kifa ganyenta a jikin itace, gefuna su manne, tsakiya ya yi tudu. Tururuwa su shige ƙarƙashi su yi gida, su riƙa shigo da tarkace, saiwar shukar kuma tana nan a cikin wannan ɗaki tana cin abin da suka tara.

Duk ƙa'idojin kiwonta a gida daga wannan rayuwa suka samo tushe.

Tukunya, ƙasa da ruwa

Abin da ake cika tukunyar Hoya da shi, manomi ba zai kira shi ƙasa ba. Gutsattsarin ɓawon itace ne, da ɓawon kwakwa da aka yayyanka, da farar tsakuwar nan mara nauyi da masu kayan lambu ke kira falait, da ɗan gawayi, sai ƙasar shuka kaɗan don ta riƙe danshi. Gwajin mai sauƙi ne: in aka zuba ruwa, ya kamata ya fito ta ƙasan tukunya nan take. In ya kwanta a sama yana jira, haɗin ya yi nauyi. Ɓawon kwakwa yakan zo da gishiri, don haka ana jiƙa shi a sauya ruwa sau da yawa kafin a yi amfani da shi.

Tukunyar kuma ƙarama ake so, mai huda a ƙasa. Sabon mai kiwo yakan ga kara ya kai mita biyu a 'yar tukunyar da ba ta fi kofin shayi ba, tausayi ya kama shi, ya mayar da ita babba. Saiwar Hoya ba ta da yawa. A babbar tukunya, ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba sai ta riƙe ruwa kwana da kwanaki, daga nan ruɓa ta fara. Shukar takan yi shekaru a tukunya ɗaya lafiya lau, kuma masu kiwo da yawa sun lura ta fi saurin fure idan saiwa ta cika wurin. In sauyi ya zama dole, a ƙara faɗin da santimita biyu ko uku kawai. Tukunyar yumɓu wadda ba a shafa wa fenti ba tana taimakon mai nauyin hannu wajen ban ruwa, don jikinta na fitar da danshi.

Ban ruwa ba shi da ranar mako. Wanda ya ce "duk Juma'a" zai yi daidai a wani wata ya yi kisa a wani. A tura yatsa cikin tukunya, ko a ɗaga ta a ji nauyinta. In ta bushe, a ba ta ruwa har ya zubo ta ƙasa, a zubar da wanda ya taru a faranti, sannan a manta da ita. Ganyen ma yana magana: wanda ya ƙoshi da ruwa ba ya lanƙwasuwa tsakanin yatsu, mai ƙishi kuwa yakan yi laushi, bayansa ya ɗan tattare.

A nan ne tarkon yake, kuma ya ci shuke-shuke da yawa. Saiwar da ta ruɓe ba ta iya shan ruwa, saboda haka ganye yakan tattare ko da tukunyar a jiƙe take. Mai ita ya ga alamar ƙishi, ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta. Duk wanda ya ga ganye a yamutse alhali ƙasa da danshi, to ya zazzage tukunya ya duba. Lafiyayyar saiwa fara ce ko ruwan ƙasa-ƙasa, tana da ƙwari. Ruɓaɓɓiya kuwa da an ja ta sai rigarta ta saɓule, ta bar wani siririn zare kamar gashi. In duk saiwar ta zama haka, gara a yanki rassan da ke da rai a sake dasawa da a tsaya jinya.

Ba duka ne masu jure ƙishi ba. Masu siririn ganye irin su Hoya bella da Hoya multiflora, da Hoya linearis ta tsaunukan Himalaya, ba sa son bushewa ƙarƙaf. Kaurin ganye shi ne ma'auni. Taki kuwa kaɗan ya isa: na ruwa, a tsarma shi fiye da yadda aka rubuta a kwalba, a lokacin da take fitar da sabon ganye.

Abin da ba a yankewa

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne "shekara uku ke nan, ganye kawai take yi." Sau da yawa duhu ne sanadi. Hoya ba ta mutuwa a lungu, amma ba ta fure a can. Haske mai yawa take so, irin wanda ke ratsowa ta tsakanin ganyen bishiya. Tagar gabas, inda hantsi zai taɓa ta na sa'o'i biyu ko uku, ta fi ko'ina. Zafin tsakar rana yana ƙona ganye ya bar tabon da ba ya gogewa. Wasu nau'o'in sukan yi ja-ja idan haske ya yi ƙarfi, kuma akwai masu kiwon da da gangan suke neman wannan launi. Ɗigo-ɗigon azurfa da ake gani a ganyen Hoya pubicalyx kuwa ba cuta ba ne, halittarsa ce.

Sanadi na biyu almakashi ne. Hoya takan miƙo wani dogon kara tsirara, babu ganye ko ɗaya, yana lilo a iska yana neman abin kamawa. Ba shi da kyan gani, kuma hannu yakan yi ƙaiƙayin datse shi. A jikinsa ne sababbin ganye za su fito bayan ya sami madafa, a jikinsa ne kuma fure zai zo. Abin da yake bukata zoben waya ne ko ɗan tsanin gora da zai naɗe.

Sai kuma sandar fure, wadda ita ce dukiyar shukar. Wani ɗan tsinke ne mai kauri da ke fitowa daga gaɓa, da ɗan dunƙule a bakinsa. Idan furanni suka bushe suka zube, yakan rage a tsaye kamar busasshen abin da ya gama aiki. Bai gama ba. Daga bakin nan nasa wani furen zai sake fitowa, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa, kowane zuwa yana barin zagayen tabo yana ƙara masa tsawo. Tsohuwar sanda takan yi gaɓa-gaɓa har a iya kimanta sau nawa ta yi fure. Wanda ya tsinke ta da sunan share shuka ya mayar da kansa baya, sai ya jira ta sake yin wata. Haka kuma da zarar ƙunshin fure ya bayyana, a bar tukunya inda take. Sauyin wuri, ko barin ta ta bushe sosai a wannan lokaci, yakan sa ta zubar da su tun ba su buɗe ba.

Ga wanda ya jure, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. A Hoya carnosa, ƙunshin yakan faro ƙanana jajaye-jajaye, makonni suna tafiya suna kumbura, har kowanne ya zama ɗan faifai mai kusurwa biyar, mai tauri da ƙyalli. Sai wata rana da yamma su buɗe kusan a tare, furanni ashirin ko fiye a dunƙule ɗaya mai siffar rabin ƙwallo, suna kallon ƙasa. Kowane fure bai kai santimita biyu ba. Kunnuwansa farare ne masu sirkin ruwan hoda, lulluɓe da gashi mai laushi, kambin tsakiya kuma mai sheƙi ne da jan ɗigo a cibiya. Da rana kusan babu ƙamshi. Bayan magariba sai ya cika ɗaki, mai zaƙi da nauyi, don ƙwarin dare yake kira. A cibiyar kowane fure ɗigon ruwan zaƙi yakan taru har ya ɗiga. Na Hoya kerrii jaja-jaja ne mai duhu kuma yana ɓata labule da kujera, saboda haka a san abin da ke ƙarƙashinta. Bayan kamar mako guda shagalin ya ƙare.

Da wuya a ga ta yi iri a cikin ɗaki. Garin furenta a ƙulle yake cikin 'yan jakunkuna bibbiyu, irin na tumfafiya, sai ƙafar ƙwaro ta zame cikin wata siririyar tsaga ta fizgo su, ta kai su wani furen.

Ganyen zuciya da sauran tallace-tallace

Hoya kerrii ta samo sunanta daga Arthur Kerr, likita ɗan Ailan da ya zauna a Chiang Mai ta arewacin Tailan yana tattara tsirrai, an kuma bayyana ta ga masana a 1911. Ganyenta mai kauri ne, siffar zuciya sak, shi ya sa duk watan Fabrairu shagunan Turai da Amurka da Asiya ke cika da ganye ɗaya tal a 'yar tukunya, ana sayarwa don ranar masoya. Abin da ba a gaya wa mai saye shi ne, ganyen da aka tsinko ba tare da gaɓar kara ba zai yi saiwa, zai zauna kore shekara da shekaru, amma da wuya ya ƙara ko ganye ɗaya, don idon tsiro a jikin gaɓa yake. Cinikin bai kai zamba ba, amma ya yi kusa.

Akwai kuma batun tace iska. Wani bincike na Jami'ar Jojiya da ke Amurka a 2009 ya gwada tsirran gida 28, ya sa Hoya carnosa cikin waɗanda suka fi zuƙe wasu gurɓatattun sinadarai. Sai dai a cikin rufaffun kwalabe aka yi gwajin. A 2019 masana a Jami'ar Drexel suka bi diddigin irin waɗannan bincike, suka lissafa cewa sai an jera tsakanin tsiro 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su yi aikin da shigar iska ta yau da kullum ke yi a gini. Buɗe taga ya fi.

Abin da za a iya faɗa a kanta da gaskiya shi ne, ƙungiyar kare dabbobi ta Amurka, ASPCA, ta sa Hoya carnosa cikin tsirran da ba sa cutar da kyanwa da kare. Duk da haka a kiyaye nonon sauran nau'o'in daga ido da bakin yara.

Ƙwari da yanayi

Babban abokin gabarta wani farin ƙwaro ne mai laushi da ke taruwa a hammatar ganye kamar guntun auduga, yana tsotsar ruwanta. A nau'in Compacta mai murɗaɗɗen ganye, irin wanda aka yi gwanjonsa, yakan sami maɓoyar da hannu ba ya kaiwa. Ana dangwala auduga a sifirit a goge shi ɗaya bayan ɗaya, ko a fesa ruwan sabulu mara ƙarfi ko man darbejiya da yamma, a maimaita duk mako har sai an daina ganinsa, don ƙwansa ba ya mutuwa a zagaye ɗaya. Akwai kuma rawayar darɓa mai baƙaƙen ƙafafu da ke son sababbin tsiro da ƙunshin fure. Ita ce dai wadda ake gani a tumfafiya, don haka mai tumfafiya a bayan katanga ya riƙa dubawa. Duk sabuwar shukar da ta shigo gida, a ware ta makonni kafin ta haɗu da sauran.

Hoya ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 29 a ma'aunin Salshiyas, kuma yawancin nau'o'in ba sa son sanyin da ya sauka ƙasa da 10. Mai son gwada ta a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, abin da zai yi fama da shi daban ne da na mutumin Suwidin. A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, da hunturu kuma laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Wurinta baranda mai inuwa ce ko gefen taga daga ciki, nesa da bangon da rana ke gasawa, nesa kuma da bakin na'urar sanyaya ɗaki. Tara tukwane wuri ɗaya yana ɗan riƙe danshi, ƙurar hunturu kuma a riƙa goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. Da damina ta kankama sai a janye hannu daga ruwa, a kuma kawar da ita daga inda indararo ke zuba. Ruwan sama da aka tara ya fi mata ruwan burtsatse mai barin farin gishiri a bakin tukunya.

Zaɓin nau'i ma rabin aiki ne. Masu kaurin ganye, carnosa da pubicalyx da kerrii, sun fi haƙuri, haka Hoya australis, wadda wani irinta ke rayuwa a kan duwatsu a arewacin Ostireliya inda rani ke da tsawo. Linearis 'yar tsauni ce, sai wuri mai sanyi irin Jos.

Yaɗa ta ba wuya. A yanko kara mai gaɓa ɗaya ko biyu da ganyensa, a bar bakin yankan ya ɗan tsane, a tsoma gaɓar ƙasa a ruwa ko a cikin ɓawon kwakwa mai danshi, a ajiye inda ke da haske da ɗumi. Cikin 'yan makonni saiwa za ta fito, kuma idan ta kai tsawon gaɓar yatsa sai a mayar da ita ƙaramar tukunya. Fure kuma yakan ɗauki shekara biyu ko uku, wani lokaci fiye. Wanda ya ga wani nau'i a intanet ya yi sha'awar a aiko masa daga Tailan ko Indonesiya, ya sani cewa shigo da ɗanyen tsiro Najeriya yana bukatar izinin hukumar killace tsirrai da dabbobi ta ƙasa, NAQS, tare da takardar shaidar lafiyar tsiron daga ƙasar da ya fito.